Kalmar "on" ta Turanci: "a kan" kawai take nufi, ko da sauran magana?

Ɗalibar Nahawu:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan kalmar nan ce ta Turanci mai harafi biyu, *on*. Abin da aka saba koya wa mai fara karatu shi ne *on* "a kan", *in* "a cikin", *at* kuma "a". Idan aka ce *the cup is on the table* babu gardama, kofi yana kan tebur. To me ya sa ake cewa *the picture is on the wall*, alhali hoton a jikin bango yake, ba a samansa ba? Har da *the fly is on the ceiling*, ga ƙuda nan maƙale a ƙarƙashin silin, bayansa na kallon ƙasa. Sannan mutum yana zaune cikin bas a ce *on the bus*, wani yana cikin ƙaramar mota a ce *in the car*. Ga *on Monday* da *in July* da *at six*. Akwai ƙa'idar da ta haɗa waɗannan duka, ko hadda kawai ake yi ɗaya bayan ɗaya? Kuma ina asalin kalmar? Allah ya ƙara basira.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam. Malama, fassarar ce ta ɗaure miki kai, kalmar ba ta da laifi. "Kan" ɗinmu daga "kai" ya fito, kamar yadda "cikin" ya fito daga ciki, "bayan" daga baya, "bakin" daga baki, "jikin" daga jiki. Hausa da sassan jiki take auna wuri, shi ya sa duk inda muka ce "a kan" sai zuciya ta tafi sama. *On* ba ruwanta da kai. Abu biyu take dubawa: abin nan yana taɓa fuskar wancan? Kuma wancan ɗin ne yake riƙe da shi, ya hana shi faɗuwa? In haka ne, *on* ta shiga, ko fuskar tana kallon sama, ko gefe, ko ƙasa.

Ki gwada da fitila guda. Wadda aka ajiye bisa tebur *on the table* ce. Wadda aka kafa a bango *on the wall* ce. Wadda aka ɗaure a silin *on the ceiling* ce. Amma wannan ta silin ɗin, in tebur za ki danganta ta da shi, sai ki ce *over the table* ko *above the table*, domin ba ta taɓa shi. A Hausa mun yi amfani da "a kan", "a jikin" da "a saman" wajen faɗin abin da Bature ya raba gida biyu kawai: mai taɓawa da marar taɓawa. In kuma saman ake son jaddadawa, irin "kan" ɗinmu sak, akwai *on top of*. Kyanwa *on top of the wall* tana zaune a kan katanga, ƙadangare *on the wall* yana hawa jikinta.

Da wannan za ki gane sauran: zobe *on your finger*, tabo *on your shirt*, filasta *on your leg*, mariƙi *on the door*, kifi *on the hook*, shanya *on the line*. Yawancinsu in muka ce "a kan" sai kunne ya yi ƙaiƙayi.

Hoto na biyu da kalmar ke ɗauke da shi shi ne layi. Duk abin da ido ke gani kamar zare miƙaƙƙe, wato kogi, hanya, iyaka, gaɓar teku, abin da ke gefensa yana taɓa shi *on* ne. Landan *is on the Thames*, Alƙahira *is on the Nile*. Mu "a bakin kogi" muke cewa. Sunayen garuruwan Ingila ma sun riƙe wannan: Stoke-on-Trent, Stratford-upon-Avon, Newcastle upon Tyne, duk sunan gari ne da kogin da yake bakinsa. Daga nan *on the border*, *on the coast*, *on the left*, *on the way* suka fito.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wurin da abu ɗaya yake karɓar kalma biyu ko uku, ma'ana ta sauya. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda mai magana yake kallon wurin: fili shimfiɗaɗɗe *on*, abu mai kewaye *in*, ɗigo a taswira *at*.

*On the bed* kin zauna ko kin kishingiɗa bisa shimfiɗa. *In bed*, ba tare da *the* ba, kin shiga bargo don barci ko jinya. *On a chair* kujera ce mai tauri, *in an armchair* mai hannuwa ce da mutum ke nutsewa ciki. *In the corner* kusurwar ɗaki ce, bango biyu sun kewaye. *On the corner* kwanar titi ce daga waje. Tsuntsu *in the tree* yake, don rassa da ganye sun rufe shi, amma 'ya'yan itacen *on the tree* suke, don a jikinta suke rataye. Wanda ke *at the door* yana tsaye yana jiran a buɗe, sanarwa kuwa *on the door* take. Mutanen da aka ɗauka a hoto *in the photo* suke. In kika ce *on the photo*, wani abu ne ya zuba ko ya sauka a kan takardar hoton.

Ɗalibar Nahawu:

Na gode Malam, batun bango da silin ya warware. Amma bas fa? Ai bas abu ne mai kewaye, da rufi da ƙofa. Bisa wannan bayanin *in* ya kamata a ce.

Baban Fassara:

'Yar'uwa, kin kama bakin zaren, kuma bas ba ta karya bayanin Malam ba. Abin hawa babba, Bature daɓensa yake kallo, wanda ake takawa a tsaye: jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama, bas. Ana hawa ne a taka, a yi tafiya zuwa kujera. Ƙaramar mota da tasi kuwa sunkuyawa ake yi a shiga a zauna, babu wurin takawa, don haka *in the car*, *in a taxi*. Keke da babur da doki *on* ne don dalili na fili, a kansu ake zama. Aikatau ɗin ma biye yake: *get on* da *get off* ga bas da jirgi da keke, *get into* da *get out of* ga mota. Mai cewa *get down from the car* za a gane shi, amma ba haka masu harshen suke faɗa ba.

Sai dai kada a riƙe "in ana iya tsayawa a ciki to *on* ne" kamar karatun allo. Na'urar hawa bene a tsaye ake shiga, amma a Birtaniya *in the lift* ake cewa. Kwalekwale *in a canoe* ne, babban jirgi *on a ship*. Kuma *in the bus* ba haramun ba ne: bas ɗin da ta lalace aka jingine ta, yara suka shiga suna wasa, *in the bus* suke, domin ta zama ɗaki kawai. *On the bus* yana ɗauke da ma'anar fasinja a kan hanya. In hanyar tafiya kawai ake son faɗa, *by* ce ba tare da *the* ba: *by bus*, *by car*, *by air*, amma a ƙasa *on foot*.

Lokaci kuma da girma ake auna shi. Sa'a ɗigo ce, *at six*, *at noon*. Rana guda fili ce da ake ɗora al'amari a kai, *on Monday*, *on 4 July 1776*, *on my birthday*. Abin da ya fi rana faɗi, wata, shekara, ƙarni, shiga cikinsa ake yi: *in July*, *in 1776*. Tarkon yana wurin sassan yini. Ana cewa *in the morning*, amma da zarar an ambaci ranar sai *on* ta ƙwace: *on Monday morning*, *on the morning of 4 July*, har *on a cold morning*. Haka *at night* yake komawa *on Friday night*. Gaban *this*, *next*, *last* da *every* kuwa ba a sa komai: *next Monday*, ba *on next Monday* ba. Amurkawa sukan ma yar da ita a magana, *see you Monday*.

Akwai wurare kaɗan da Birtaniya da Amurka suka rabu, kuma mai rubutu ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Ƙarshen mako, *at the weekend* a Birtaniya, *on the weekend* a Amurka. Ɗan wasa *in the team* a Birtaniya, *on the team* a Amurka. Titi, tsohon salon Birtaniya *in Oxford Street*, Amurka *on Fifth Avenue*, ko da yake *on* ta yaɗu a Birtaniyar ma. In an kawo lambar gida duk sun haɗu a *at*: *at 10 Downing Street*.

*On time* da *in time* su ma ba ɗaya ba ne. Na farko daidai lokacin da aka tsara, jirgin ƙarfe 8 ya tashi ƙarfe 8. Na biyu kafin lokaci ya ƙure, an kai majiyyaci asibiti da sauran numfashi.

Malama Tushen Kalma:

Tunda malamai sun gama da amfani, bari in taɓa asali, don akwai abin da zai ba ki mamaki: a tsohon Turanci, *on* ita ce take yin mafi yawan aikin *in*.

Kalmar gadon gida ce, ba aro ba ce daga Latin ko Faransanci. Ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Turai zuwa Birtaniya a ƙarni na 5 da ita suka zo, ana rubuta ta *on* ko *an*. Masana sun maido da sifarta ta kakan harsunan dangin Jamusanci a matsayin *ana*, kuma haka take a rubuce a harshen Got, wani tsohon harshe na wannan dangi da ya ɓace, wanda aka fassara Baibul cikinsa a ƙarni na 4. 'Yan'uwanta na raye: *an* a Jamusanci, *aan* a harshen Holan, *á* a harshen Aislan. Daga nesa akwai *ana* ta Girkanci mai ma'anar "sama, bisa", wadda ke goshin *analysis* da *anatomy*.

A karin harshen Wessex, masarautar Sarki Alfred da ya yi mulki daga 871 zuwa 899, karin da mafi yawan rubuce-rubucen zamanin suka zo da shi, *on* ta kusan korar *in* gaba ɗaya. Suna rubuta *on Englisc* inda yau ake cewa *in English*, da *on þissum geare* inda ake cewa *in this year*. Karin harsunan tsakiya da arewacin Ingila su suka riƙe *in*. Bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, martabar karin Wessex ta faɗi, daidaitaccen Turancin da ya biyo baya kuma ya tsiro ne daga Landan da yankin tsakiya, sai *in* ta dawo da gonarta. Rabon gadon bai tafi daidai ko'ina ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu maganganu ba sa bin ƙa'ida sai dai a haddace su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda kalmar ta ɓuya. In ba a danna ta a furuci ba, *n* ɗin yakan faɗi, ta koma *a*, ta manne a goshin sunan da ke biye. *Alive* asalinsa *on life* ne, "cikin rai". Harafin *f* tsakanin wasula biyu *v* ake furta shi a lokacin, shi ya sa ake da *life* amma *alive*. *Asleep* daga *on slæpe*, *away* daga *on weg*, wato "a kan hanya", *among* daga *on gemang*, "cikin taro", *again* daga *ongean*, *about* daga *onbutan*. *Above* ma, wadda Malam ya ce kishiyar *on* ce wajen taɓawa, da *on* ta fara. *Aback* daga *on bæc* ne, kuma *back* ta *come back* guntuwarta ce. Wasu sun rayu biyu-biyu har yau: *afire* da *on fire*, *afoot* da *on foot*, *ashore* da *on shore*. Har *a* ɗin da ke cikin *twice a day* tsohuwar *on* ce, daga baya mutane suka ɗauke ta a matsayin *a* ta *a book*.

A yi hattara, ba kowane *a* na goshi ne nata ba. Na *anew* da *akin* daga *of* yake, na *atypical* da *amoral* kuwa ɗafa-goshin korewa ne na Girkanci.

Wannan tarihin ya bar alama a furuci. *At*, *of*, *for*, *to* da *from* duk suna da sassauƙan furuci a tsakiyar jimla, wasalinsu yakan dushe. *On* ta yau ba ta da shi, wasalinta a cike yake ko'ina.

*Upon* haɗin *up* da *on* ne, ta bayyana a ƙarni na 12, kuma akwai alamar tasirin *upp á* ta mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila. Abin dariya, a can gidansu *upp á* ɗin ce ta guntule ta zama *på*, kalmar da mutanen Suwidin da Denmak da Norwe suke amfani da ita yau. A Turancin yanzu ma'anar *upon* da *on* ɗaya ce, sai dai *upon* ta fi nauyi, ta fi zama a takardun shari'a da daskararrun maganganu irin *once upon a time* da *row upon row*. Ba a sa ta gaban ranar mako, kuma ba ta maye gurbin *on* a *turn on*.

Game da tambayarki ta farko, ba Hausa kaɗai ta raba wannan fili ba. Jamusanci na cewa *auf* ga kofi a kan tebur, *an* ga hoto a jikin bango. Harshen Holan ya raba uku: *op* ga kofin, *aan* ga hoton, *om* ga zobe a yatsa. Sifaniyanci kuma ya wuce Turanci haɗawa, *en* guda tana iya ɗaukar "a kan" da "a cikin", kusan kamar "a" ɗinmu. Melissa Bowerman, masaniyar yadda yara ke koyon harshe, ta yi shekaru tana kwatanta harsuna a kan wannan batu da jerin zane-zane, kofi a tebur, hoto a bango, 'ya'yan itace a reshe da sauransu, aka ga kowane harshe da inda yake yanka layinsa.

Malam Jan Biro:

Allah ya saka wa malamai. Ni gyaran takarda zan taɓa, don a nan ake asarar maki, kuma yawanci ba a batun wuri ba ne.

Mu "a kan" ɗinmu yana nufin "game da", *on* ma haka: *a book on grammar*, *a lecture on malaria*. Bambancinta da *about* nauyi ne, *on* ta fi dacewa da nazari mai zurfi, *about* da hira ko labari. Wannan kama da ke tsakanin "a kan" ɗinmu da *on* ita ke jawo kuskure. Muna cewa "mun tattauna a kan batun", sai a rubuta *we discussed on the matter*. *Discuss* kai tsaye take ɗaukar karɓau, *we discussed the matter*. Haka *emphasise* da *stress*: *he stressed the point*. Abin da ke ƙara rikita mutane, sunayensu suna ɗaukar *on* ɗin: *a discussion on*, *put emphasis on*, *lay stress on*. Ga kuma waɗanda dole sai da ita: *depend on*, *rely on*, *insist on*, *concentrate on*, *comment on*, *spend money on*, *congratulate someone on*. *Depend* da *rely* hoton jingina ne, wanda Malam Mai Alli ya bayyana, haka *live on a pension* da *the engine runs on petrol*: abin da ke riƙe da kai ke nan.

Kafofin labarai su ma a kula. Na'ura da fuskarta *on*: *on the radio*, *on television*, *on the phone*, *on the internet*, *on Facebook*. Abu mai bango da shafuka *in*: *in the newspaper*, *in the book*, amma shafi ɗaya fili ne, *on page 12*, haka *on the list*, *on the map*.

Sai hali ko yanayin da mutum yake ciki: *on leave*, *on duty*, *on strike*, *on holiday*, *on medication*. *On purpose* da gangan, kishiyarsa *by accident*. *For sale* na sayarwa ne; *on sale* ya shigo kasuwa, ko kuma, musamman a Amurka, an karya farashinsa. *It's on me* ni zan biya. *On* da aikatau mai *-ing* kuwa daidai take da "da" ɗinmu na "da isarsa": *on arriving, he phoned*, da isarsa ya buga waya. Sharaɗi shi ne mai isowar da mai buga wayar su zama mutum ɗaya. *On arriving, the rain started* ta ce ruwan sama ne ya iso.

Ina ɗan saɓa wa masu cewa *onto* da *on to* ɗaya ne. In motsi ne zuwa kan abu, *the cat jumped onto the table*, a haɗe ko a rabe duk an yarda, wasu mawallafan Birtaniya ma sun daɗe suna raba su. Amma in *on* ɗin ta aikatau ce mai nufin ci gaba, rabawa dole ne. *We drove on to the city*, mun ci gaba da tafiya har birni. *We drove onto the bridge*, mun hau gada. Kuma *jumped on the table* tana da fuska biyu, ko ta yi tsalle ta hau, ko tana kai tana tsalle-tsalle, *onto* ce ke raba gardamar.

Na ƙarshe, *on* ba aikatau ba ce a daidaitaccen Turanci. *On the light* da *off the fan* ana jin su a Turancin ƙasashe da dama, amma a jarrabawa da wasiƙar aiki *turn on* ko *switch on* ake so. A nan *on* ɗin ba irin ta *on the table* ba ce, ɓangaren aikatau ce, kuma akwai gwaji mai sauƙi na bambance su. Sa wakilin suna. In ya shiga tsakiya, *turn it on*, *put it on*, *try it on*, ɓangaren aikatau ce, kuma ba a cewa *turn on it* da nufin kunnawa. In ya tsaya a bayanta, *depend on him*, *sit on it*, to mai nuna dangantaka ce, irin harafin jarra a nahawun Larabci. Magana ɗaya, *turn on*, tana iya ɗaukar duka biyun, ma'ana ta yi hannun riga: *the dog turned on him* kare ne ya juyo ya far masa, kuma murya a kan *turned* take sauka, *she turned on the radio* kunnawa ce, murya na iya sauka a kan *on*, kuma ana iya juya ta a ce *she turned the radio on*, abin da ba zai yiwu ba a jimlar karen.